Baƙar giya da dafa ta a gida: taƙaitaccen tarihin wani aiki da sunayensa

Gabatarwa

Mai tsara ƙamus na Hausa da Faransanci, idan ya iso kalmar «brasser», yakan rubuta «dafa giya» ya wuce. Amma aikin da matar Azna take yi a tukunyarta da wanda wani ma'aikacin ofis yake yi ranar Lahadi a Amurka, ko da hanyarsu ta yi kama, matsayinsu cikin al'umma ya bambanta ƙwarai. A wannan ɗan nazari za mu bi tarihin baƙar giya ta Ingila, mu ga yadda dafa giya ya fita daga gida, da yadda ya komo da wata ma'ana.

1. Daga hannun mata zuwa masana'anta

A Ingila ta ƙarni na 14, dafa giya aikin mata ne, kamar daka da tuwo a wajenmu. Mace takan dafa wa iyalinta, ta sayar da abin da ya ragu. Harshe ya riƙe shaidar haka: ana kiran ta «brewster», kuma ɗafin «-ster» a lokacin yakan nuna mace. Judith Bennett ta nuna, a littafinta na 1996, yadda aikin ya kuɓuce wa mata tsakanin 1300 da 1600. Bayan annobar 1348 cinikin giya ya bunƙasa, sannan aka shigo da furen «houblon» mai ɗaci daga ƙasashen Holan da Filanda. Giyar da aka sa wa wannan fure tana jimawa ba ta lalace ba, don haka ana iya dafa ta da yawa a kai ta nesa. Wannan kuwa sai mai jari, jari kuma yana hannun maza.

2. Asalin baƙin launi

Wajen 1720 aka fara sanin wata giya mai duhu a Landan, wadda ta ɗauki sunan ƴan dakon birnin, wato «porter». Mai ƙarfi daga cikinta ana ce mata «stout porter». Kalmar «stout» ƙarfi take nufi, daga baya ne ta zama sunan baƙar giya ita kanta. Launin yana fitowa daga tsiron sha'ir da aka busar a kan wuta. A shekarun 1780, ma'aunin zaƙi da John Richardson ya yaɗa ya nuna cewa farin tsiro ya fi gasasshe ba da sukari. Masu masana'anta suka koma ga farin, suna neman abin rina giyar. Doka ta hana rinin a 1816. A 1817 Daniel Wheeler ya ƙirƙiro gangar ƙarfe mai juyawa, wadda take gasa tsiro da zafi wajen digiri 200, kamar yadda ake gasa kafe. Kaɗan daga wannan baƙin tsiro ya isa ya baƙanta tukunya guda. Gidan Guinness, wanda aka kafa a Dubilin a 1759, yana cikin waɗanda suka karɓi wannan dabara.

3. Doka ta shiga tsakani

A 1880 Gladstone ya ɗauke haraji daga kan tsiro ya maida shi kan giya, aka kuma wajabta wa mai dafawa a gida ya nemi takardar izini. Wajabcin ya tsaya har 1963, lokacin da ministan kuɗi Reginald Maudling ya soke shi. A Amurka an haramta giya daga 1920 zuwa 1933. Bayan an ɗage haramcin, dafa ta a gida ya ci gaba da zama laifi, har Jimmy Carter ya sa hannu kan sabuwar doka a Oktoba 1978. Dokar ta yarda da galan 100 a shekara ga baligi guda, 200 ga gida, da sharaɗin kada a sayar. A shekarar ce Charlie Papazian ya kafa ƙungiyar masu dafawa a gida a Kolorado. Jihohin Misisipi da Alabama ba su halatta aikin ba sai a 2013.

Sharaɗin hana sayarwa shi ne ya sake wa aikin kama. Mai dafawa yana sayen tsiro da yis daga kanti, ya jiƙa tsiron a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 68 na awa guda, ya tafasa, ya bar wajen lita 20 su yi mako ɗaya ko biyu suna tashi. Ba ya samun ko tamma daga ciki. Ribarsa ita ce ɗanɗanon da kasuwa ta daina kawowa, domin «porter» ta kusa ɓacewa daga Ingila tun shekarun 1940, kuma ƙananan masu dafawa ne suka farfaɗo da ita daga shekarun 1970. Mafi yawan masu wannan sha'awa maza ne.

4. Inda tarihin ya taɓa ƙasar Hausa

Guinness ya gina masana'anta a Ikeja ta Legas a 1962. Da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, masana'antu suka juya ga dawa, wadda mafi yawanta arewa take nomawa. Dawar nan ce kuma asalin burkutu: a jiƙa ta, ta tsira, a niƙa, a dafa, a bar ta ta yi tsami ta tashi. Ana shan ta cikin kwana kaɗan, don ba ta ajiyuwa. Greenberg ya bayyana, a bincikensa na 1946 kan Maguzawan Kano, matsayin giya cikin bukukuwa da tsafi, da yadda shan ta yake raba Bamaguje da Musulmi. Mai dafa burkutu ta fi kama da «brewster» ta ƙarni na 14: mace ce, a gida take aiki, da kuɗin take ciyar da ƴaƴanta.

Kammalawa

Abubuwa uku ne ke ƙarƙashin «dafa giya»: hidimar gida da ibada, sana'a, da kuma sha'awa, wadda Faransanci ke kira «loisir». Na ukun bai samu ba sai da albashi, da lokacin hutu, da dokar da ta raba dafawa da sayarwa. Saboda haka muna ba da shawara ƙamus ya raba su: «sana'ar burkutu» a gefe guda, «dafa giya don sha'awa» a ɗaya gefen, kowanne da misalinsa. Ɗaliban da ke tattara kalmomi a Arewa ko kwarin Maraɗi su riƙa tambayar wa ke dafawa, don wa, kuma a kan nawa, tun matan da suka san sunayen kowane mataki na aikin suna raye.