Kaza Mai Leshi Da Kazar Inna: Waiwaye Kan Tarihin Kiwon Kaji A Ƙasar Adar

Bara waccan, a ƙarshen damina, wani ɗalibina na ajin CM2 ya zo mini da wayar yayansa lokacin hutun ƙarfe goma, ya ce, "Mushe, dubi wannan kazar, leshi ta sa." Na karɓa na duba. Kaza ce fara, amma kowane gashi na jikinta an zagaye bakinsa da baƙin layi, sai ka ce tela ne ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya da zare. Ba zan ɓoye muku ba, ta shiga raina. Kafin wata ya ƙare na sayi zakara ɗaya da kaji biyu a hannun wani mai kawo su daga Nijeriya, a kan kuɗin da zai iya sayen akuya. Zan dawo kan abin da ya same su. Abin da ya sa na yi wannan rubutu shi ne tambayar da yaron ya yi mini daga baya: su waɗannan daga ina suka fito, tamu ta gida kuma daga ina? A ranar ban ba shi amsa mai gamsarwa ba, sai da na koma na yi bincike.

Kaza ma baƙuwa ce

Zabuwa ce 'yar asalin Afirka. Kaza kuwa zuwa ta yi. Kakanta wani jan tsuntsun daji ne da har yanzu yake rayuwa a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, inda mutane suka fara sabawa da shi sama da shekara 3,000 da suka wuce. Daga can ta bi 'yan kasuwa da matafiya. A Mezber da ke arewacin Habasha masu haƙar kayan tarihi sun tono ƙasusuwan kaji na wajen ƙarni 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A yammacin Afirka an samu irinsu a Jenne-jeno ta ƙasar Mali da Kirikongo ta Burkina Faso, kuma sun haura shekara 1,000.

Ke nan kazar da ke tono a bayan rumbu a Madawa ko Buza ko Keita ta shafe ɗaruruwan shekaru ana tace ta. Zafin bazara ya ɗebi rabonsa, annobar hunturu ta ɗebi nata, shaho da muzuru suka kwashe masu sakaci. Wadda ta rage ita ce ta haifi ta yau. Iyayenmu mata kuma sun ƙara nasu zaɓin: kazar da ta iya kwanci, ta iya kare 'ya'yanta, ba a kai ta kasuwa. Sun san irinsu da suna. Akwai durgu mai gajerun ƙafafu, akwai mai tsiraicin wuya, akwai mai murɗaɗɗen gashi, akwai kuma wake-wake mai ɗigon fari da baƙi, wadda ita ce ta fi kusa da mai leshin nan a kama.

Inda leshin ya samo asali

Tarihin mai leshi gajere ne, kuma an san waɗanda suka yi aikin. A farkon shekarun 1800 wani attajiri ɗan majalisar Ingila, Sir John Sebright, wanda ya rayu daga 1767 zuwa 1846, ya ɗauki shekaru yana haɗa ƙananan kaji iri-iri, yana ware waɗanda gashinsu ya fito da baƙin baki, yana sake haɗa su, har zanen ya zauna. Kazar da ta fito ana kiranta da sunansa har gobe. Ƙarama ce ƙwarai, ƙwanta ƙanana, ba ta cika kwanci ba, 'yan tsakinta kuma ba su da ƙwari. Don kallo da gasa aka yi ta.

Ta biyu ita ce Wyandotte, wadda aka samar a Amurka a shekarun 1870, aka kuma shigar da fara mai baƙin leshi cikin kundin nau'o'in kajin ƙasar a 1883. Ita tana da jiki, tana ƙwai, tana nama. Sai dai don ƙasar sanyi aka tsara ta: gashinta cunkus yake, tukkunta kuma a kwance yake, ƙarami, don kada ƙanƙara ta cinye shi. Kaza ba ta gumi. Ta haki da tukku da fatar da ba gashi take fitar da zafi. Duk abin da ya taimaki Wyandotte a hunturun Amurka shi ne yake cutar ta a watan Afrilu a Keita, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Mai tsiraicin wuyan nan da yara ke yi wa dariya ta fi ta shiri da ƙasarmu nesa ba kusa ba.

Abin da kaza ta riƙe a shekarun wuya

Ni ɗan wani ƙauye ne a gundumar Buza, kuma ina ƙaramin yaro aka yi farin 1984. Abin da na riƙe a kaina kaɗan ne, sauran daga bakin Inna na ji. Shanunmu biyu sun mutu, Baba ya tafi bida Nijeriya kamar sauran mazan garin, aka bar mata da yara da tsofaffi. Idan ana ba da tarihin wannan zamani, manyan ayyuka ake ambata, kuma sun cancanci ambato. Akwai layukan dogon yaro da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska. Akwai gagarumin aikin Keita da aka soma a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya da hukumar FAO, inda mata suka ɗauki duwatsu a ka suna jera su a kan fako, ana biyansu da abinci. Amma ban taɓa ganin littafin da ya ba akurki ko da shafi ɗaya ba.

A gidanmu kuwa daga akurki aka sake tashi. Inna ta tsira da kaji uku. Ba hatsi take ba su ba, don mu ma bai ishe mu ba. Tsaki ne da dusa idan an samu, sai gara da yayata ke tonowa da safe. Kaza ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe, bayan 'yan watanni a sayar da zakaru a bar sagaru. Da damina ta dawo, Inna ta riƙa sa wa kaza ƙwan zabi, ta ƙara mako guda a kai ta fito da su, don zabuwa ba ta da haƙurin reno. Da kuɗin zabi aka sayi akuya, daga akuya aka kai ga tunkiya. Littafina na farko da allon lakwal daga ƙwai suka fito. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, mu ne ƙadangarun.

Ba yau aka fara kawo mana zakaran waje ba

Bayan samun 'yancin kai a 1960, ƙasashe da dama na yammacin Afirka sun gwada shirin musayar zakaru. A raba wa ƙauye jajayen zakarun Turai, irin su Rhode Island Red, a ce a yanka na gida don iri ya gyaru. A takarda dabara ce mai kyau. A tsakar gida kuwa zakaran waje bai iya neman abincinsa ba, bai iya gudun shaho ba, zakaran maƙwabta kuma ya fi shi zafin nama. 'Ya'yan farko sukan yi girma, amma jikoki su koma gidan jiya, wani lokaci ma a rasa halin kwancin da ake taƙama da shi.

Ciwo ma yana da nasa tarihin. Annobar da ke share akurki duk hunturu, kaza ta yi zugum, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe, ita ce likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, da sunan garin Ingila da aka gane ta a shekarun 1920. Ba ta da magani, sai rigakafi. Sannan a Fabrairun 2006 aka gano murar tsuntsaye a wata gona a jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare aka tabbatar da ita a Magarya ta jihar Damagaram. Duk wanda ya yi wayo a lokacin yana tuna yadda mutane suka guji naman kaza, farashi ya faɗi warwas, matan da ko ciwon bai zo garinsu ba suka yi asara. Darasin shi ne tsuntsun da ya tsallako iyaka ba gashinsa kaɗai yake zuwa da shi ba.

Yadda tawa ta ƙare

Na yi kuskure biyu. Ban ware baƙin ba, ranar da suka zo na sake su cikin kajin maiɗakina. Ban kuma yi rigakafi ba sai da na ga ta farko ta yi zugum a watan Disamba. Mun rasa kaji 9, har da masu leshi mata duka biyun, kuma yawancin waɗanda suka mutu nata ne, ba nawa ba. Har yau idan maganar ta taso sai ta ce, "Malam, akuyata fa?" Zakaran ya rayu, ya taka wata wake-wake da ta tsira, ta ƙyanƙyashe bakwai. Ko ɗaya bai fito da leshi sosai ba, sai dabbare-dabbare. Daga baya na fahimci dalili. Zanen ba hali ɗaya ba ne da ake gada a dunƙule. Halaye ne da yawa da sai sun haɗu daga uwa da uba, abin da ya ci wa Sebright shekaru ke nan. Shi kansa zakaran bazara ta farko ta same shi baki buɗe, fukafukai a sake, a gindin randa.

Ban ce kada kowa ya kiwata mai leshi ba. Wanda yake da hali da inuwa da abincin saye, ya ware musu wurinsu, ya haɗa su da junansu, zai ji daɗin kallonsu, zai ma iya samun riba. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya taso yana ganin kazar uwarsa ba komai ba ce, ya matsa a sayar da biyar a sayo ɗaya saboda hoto.

Shawarata ga 'yan'uwana malamai: a darasin ayyukan hannu, a sa kowane yaro ya tambayi kakarsa sunayen kajin gidansu da halin kowace, a rubuta su a allo, a lissafa kwana 21 a kalanda tare da yaran. Iyaye kuma, baƙuwar kaza a ware ta aƙalla mako biyu, a nemi ma'aikacin kiwo a yi rigakafi kafin iskar hunturu ta taso, kada a sayar da uwar da ta iya reno komai matsi.

Yaron da ya kawo mini hoton yanzu yana kwaleji. Na ba shi sagara ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan, kuma a hutun da ya wuce ya aiko mini cewa ta yi kwanci na uku. Allah ya sa albarka a abin da muke kiwo, ya tsare mana shi daga annoba.