Daga Ƴan Rahoto zuwa Sauraren Salula: Yadda Kunnen Hukuma Ya Iso Ƙauyukan Maradi

Dattawan Agye, Gazawa da Gidan Rumji ba su buƙatar a faɗa masu abin da ake nufi da sa ido. Bayan an haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, magoya bayanta sun rayu suna tsoron maƙwabci. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, hukumar leƙen asirin da Amadou Oumarou Bonkano ya jagoranta ta baza ƴan rahoto a tasha da kasuwa da wurin hira. Lokacin kowa ya san cewa baki shi ke yanka wuya.

Babban taron ƙasa na 1991 ya zo da alkawarin rufe wannan babi, kundin tsarin mulki na 2010 kuma ya tabbatar, a aya ta 29, cewa sirrin wasiƙa da sadarwa abin karewa ne, ba a keta shi sai yadda doka ta tanada. Sai dai kafin nan salula ta riga ta fara shiga ƙauyuka. Hukuma ta wajabta rajistar layi da takardar shaida, a ƙarshen 2013 kuma aka toshe ɗimbin layukan da ba su da suna. Daga ranar, kowace lamba tana ɗaure da mai ita. A 2017 aka yi dokar kare bayanan mutane, wadda ta kafa hukumar HAPDP, a 2019 kuma dokar laifukan intanet ta biyo baya.

Babbar muhawarar ta ɓarke a 2020. Hare-haren Inates da Chinagodar sun ci rayukan sojoji 71 da 89, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta kai wa majalisar dokoki ƙudurin da ya halatta sauraren waya da karanta saƙonni saboda tsaron ƙasa. An amince da shi ranar 29 ga Mayu, ƴan adawa sun ƙaurace wa ƙuri'ar. Hujjarsu ita ce shugaban ƙasa ne ke ba da izinin sauraro, ba alƙali ba, kuma akasarin mambobin kwamitin da zai binciki aikin ɓangaren zartarwa ne ke naɗa su. Wa zai hana a juya na'urar kan ɗan jarida ko abokin hamayya, ga zaɓe na ƙaratowa?

A bakin iyaka maganar ba ta da sauƙi haka. Tun 2019 dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka kwararo cikin gundumar Gidan Rumji, satar shanu da satar mutane suka biyo sawunsu. Ɓarayin daji da salula suke ciniki: su kira dangi, su sa wanda suka kama ya yi magana don a ji yana raye, su yanka kuɗin fansa, su kashe wayar. Manomin da ya sayar da hatsinsa ya fanso ɗansa tambayarsa ɗaya ce: in hukuma na iya bin sawun lamba, me ya hana ta bin wannan? Amma shi ɗin ne kuma ke tura saƙon murya a WhatsApp yana kukan tsadar taki ko sakacin wani jami'i, saƙon da kan bi waya-waya har ya zama hujja a gaban kotu.

Dokar laifukan intanet ta nuna inda tsoron yake. A ƙarƙashinta aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a 2020. Bayan zaɓen Fabrairun 2021 an katse intanet na salula kusan kwana 10. A 2022 shugaba Mohamed Bazoum ya cire hukuncin ɗauri kan zagi da ɓata suna, a Yunin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya maido da shi. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wanda ya kawo Tiani kan mulki, ya riga ya jingine kundin 2010 da ayarsa ta 29.

Kowace gwamnati ta gaji kayan sauraron wadda ta gabace ta, ta kuma ƙara a kai. Mutanen waɗannan gundumomi uku suna son a kama ɓarawo ta wayarsa, suna kuma son alƙali ya tsaya tsakaninsu da mai sauraro, kuma har yau buƙata ta biyu ba ta samu gurbi a doka ba.