Hoto a Littafin Firamare: Daga Zariya Zuwa Sheda

Waɗanda suka tashi da Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a Zariya aka buga tsakanin 1937 da 1939, da yawansu sun fi tuna zanen aku da sarki a kan jimlolin da ke kewaye da su. Haka littafin Ka Koyi Karatu ya bi da yaran aji ɗaya: ga hoto, ga gaɓa, ga kalma. Yau ragamar ilimin firamare ta koma Abuja. A Sheda, cikin ƙaramar hukumar Kwali, hukumar NERDC ke tsara manhaja tun bayan kafa ta a 1988, hukumar UBEC kuma tana Wuse tana raba kuɗin ilimin bai-ɗaya bisa dokar 2004. Amma gardamar da mu masu harkar koyar da karatu muka gada ba ta mutu ba: hoto na koya wa yaro karatu ne, ko kuwa yana koya masa canke?

Masu sukar suna da hujja. Malami ya sa tafin hannu ya rufe zanen akuya, sai ka ga yaron da ke rera “akuya” ɗazu ya yi turus, ashe hoton yake karantawa. Irin wannan ne ya sa Ingila, bayan rahoton Rose na 2006, ta fifita koyar da sautin haruffa. Wasu kuma su ce ai makarantar allo ta yaye masu karatu ba tare da zane ko ɗaya ba. Gaskiya ne, sai dai allo ƙira'a da hadda yake fara kafawa, ma'ana sai an je makarantar ilimi. Firamare kuwa so ake yaro ya karanta ya gane a lokaci guda, kuma rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. “Gari” na iya zama birni, na iya zama na tuwo. “Kuka” ko bishiya ko hawaye. Yaro zai haɗa haruffan daidai, ya rasa wanne ake nufi. Nan ne aikin hoto, bayan an furta kalmar, ba kafin nan ba. Littattafan Mu Karanta! da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato sun haɗa duka biyun: haruffa da gaɓoɓi, sannan gajeren labari mai zane.

A Abuja buƙatar ta fi tsanani. Aji ɗaya a Gwagwalada ko Karu kan tara Bagwari da Bahaushe da Bayarabe, darasi kuma da Turanci. Ba sai an jira kwangilar littafi mai launi ba. Malama ta ja akwati uku da alli, ta ce a zana farkon labari, tsakiya da ƙarshe. Idan sai a ƙarshen labarin kura ta faɗa rijiya, wanda ya sa ta ciki tun a akwatin farko, ta san inda za ta sake karantawa da shi.