Kamun Kai da Wuƙar da ke Jakar Ɗalibi: Duba daga New Bell

A watan Maris na 2019 aka daɓa wa wani ɗalibi wuƙa har lahira a Lycée Bilingue ta Deido, cikin Douala. Watanni goma bayan nan, wani ɗalibin ya kashe malaminsa na lissafi a Nkolbisson da ke Yaounde. Idan irin wannan labari ya iso majalisun unguwar Hausawa a New Bell da ke Douala, magana ɗaya ke fara fitowa: tarbiyya ta lalace, a dawo da bulala.

Rabin maganar gaskiya ne. Binciken Dunedin na ƙasar New Zealand ya bi yara kusan 1,000 da aka haifa a 1972 zuwa 1973 har suka kai shekara 32, ya gano cewa masu raunin kamun kai tun ƙuruciya sun fi faɗawa hannun hukuma da girma. Yaron da ba ya iya haɗiye fushi na minti ɗaya, zagi kaɗan kan kai hannunsa jaka.

Sai dai kamun kai koyonsa ake yi, kuma shaidar na nan cikin Kamaru. Bettina Lamm da abokan aikinta na Jami'ar Osnabrück sun ajiye fanke gaban yaran manoman Nso 'yan shekara 4, da alkawarin ƙarin ɗaya ga wanda ya jira minti 10. Kusan kashi 70 cikin ɗari suka jira. Cikin yaran Jamus da aka yi wa irin wannan gwaji, kashi 28 kacal. Yaran Nso sun tashi ne suna goyon ƙanne, suna kallon manya na danne zuciya.

A nan bulala ke gazawa. Ɗan New Bell yakan durƙusa da asuba gaban malam, allo a cinya, ido a kan dorina, ko motsi ba ya yi. Da hantsi yana aji mai cunkoso inda malamin bai san sunansa ba; da yamma yana bakin titi cikin 'yan bensikin, wato 'yan acaɓa, inda tramol ba ta da wuyar samu. Natsuwar asubar nan tsoro ce, ba ta bin sa zuwa inda babu dorina. Dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ta hana dukan ɗalibi, amma ba ta koya wa malami abin da zai riƙe a madadinsa ba. Abin da ya rage a hannun unguwa shi ne kunya da kara, da yayan da zai dafa kafaɗar ƙanensa a ƙofar makaranta kafin faɗa ya kaure.