Tarihin allurar shanu a arewacin Kano: daga bushiya zuwa ciwon huhu

Kula da lafiyar shanu a ƙauyukan arewacin Jihar Kano, wato yankin Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Bici da Minjibir, ya kasu gida biyu tun da daɗewa. Akwai allurar riga-kafi da hukuma ke yi wa garke kyauta, lokaci zuwa lokaci. Akwai kuma maganin dabbar da ta riga ta kwanta, wanda mai ita ke biya daga aljihunsa. Tarihin aikin likitan dabbobi a wannan yanki labari ne na yadda kashi na farko ya yi ta ƙarfi yana rauni, na biyu kuma ya yi ta tsada.

Yankin ba irin na sauran ƙasar Hausa ba ne. Gona ce ke bin gona, babu saura, babu dajin kiwo na a zo a gani. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin yadda manoman kewayen Kano ke noma fili ɗaya shekara da shekaru ba tare da sun hutar da shi ba, kuma sirrin abin taki ne. Saboda haka dabba a nan a turke take kwana, harawa da kara da dusa take ci. Manomi na iya mallakar bijimai biyu na huɗa ko sa ɗaya na kiwo, alhali Fulanin da ke zaune a gefen gari, da masu shigowa cin kara bayan kaka, su ne masu garke.

Annobar da ta fara girgiza shanun ƙasar nan ita ce bushiya. Ta shigo Afirka a 1887 ta tashar Massawa da ke Eritiriya, tare da shanun da sojojin Italiya suka kawo, ta ratso yamma har ta iso ƙasashen Tafkin Chadi da Daular Usmaniyya wajen 1890 zuwa 1891. A wurare da yawa, cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ta tsira. Makiyaya sun sa wa wannan annoba suna Sannu, wadda ta biyo baya a 1913 zuwa 1914 kuma suka kira ta Gamagari. Kafin zuwan Turawa ba a zaune kawai ake ba. Ana ba shanu kanwa da jiƙon sassaƙen itatuwa irin su maɗaci, ana gudu da garke daga inda cuta ta ɓulla. Game da ciwon huhu ma Fulani suna da riga-kafinsu: a yanko ɗan ƙaramin yanki daga huhun saniyar da cutar ta kashe, a tsaga fatar hancin mai lafiya a cusa. Amma bushiya ta fi ƙarfin duk wannan.

Ita ce ta tilasta wa Turawan mulki kafa sashen kula da dabbobi a Zariya daf da Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan a 1924 suka mayar da shi Vom, kusa da Jos, inda aka fara haɗa maganin bushiya. Cibiyar Vom ce har yau ke samar da mafi yawan allurar riga-kafin dabbobi ta ƙasar nan. Allurar farko tana da wahala ƙwarai. Ana sa wa saniya ƙwayar cutar tare da ruwan jinin wadda ta warke, a tsare garken a sansani har zazzaɓin ya wuce, wasu shanun ma su mutu a nan. A wancan lokacin baitulmalin En'e ne ke ɗaukar nauyin malaman dabbobi, jangali kuwa yana cikin manyan hanyoyin da kuɗi ke shiga wannan baitulmali. Wato makiyayi yana biyan kuɗin allura, ta bayan gida. Wannan ya haifar da zargin da ya daɗe bai gushe ba, cewa wanda ya kai shanunsa sansanin allura ya kai su ne a ƙirga masa su. Ko bayan da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano a 1979, ɗari-ɗarin bayyana yawan dukiya bai bar zukatan mutane ba.

Kano tana da matsayi na musamman a yaƙin da duniya ta yi da bushiya. A wani taro da aka yi a birnin a 1961 aka tsara gangamin haɗin gwiwa da aka sani da JP15, wanda ya fara a 1962 a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, daga baya ya kai ƙasashe 22 kafin a rufe shi a 1976. Turai da Amurka suka zuba kuɗi. A daidai lokacin ne allurar da Walter Plowright ya ƙirƙiro a Kenya ta samu karɓuwa: mai arha, marar hatsari, kuma sau ɗaya ta isa ta kare dabba iya rayuwarta. Ma'aikata suna bin ƙauyuka da rugage da rani, su kafa shingen katako, a koro shanu ɗaya bayan ɗaya, a yi allura, a fasa kunne don shaida. Ba a karɓar ko kwabo. Dattawa da yawa da wannan zamani suke auna duk wani aikin dabbobi da ya biyo baya.

Da masu ba da tallafi suka janye, aikin ya koma hannun gwamnatoci, su ci gaba da yi wa maruƙa allura duk shekara. Ba a yi yadda ya kamata ba. Motoci suka lalace, firji suka mutu, aka tara shanu masu yawa da ba su taɓa ganin allura ba. A 1983 bushiya ta dawo da ƙarfi ta Borno, ta mamaye Arewa, ta kashe shanu ɗaruruwan dubbai. An ƙiyasta asarar Najeriya da kusan dala biliyan 2. Sai da aka sake wani gangami na Afirka baki ɗaya daga 1986 kafin a ci ƙarfinta, kuma a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga doron ƙasa.

Shekarar 1986 ɗin ce kuma gwamnatin Ibrahim Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP. Darajar naira ta faɗi, maganin dabbobi kuwa akasarinsa daga waje ake shigo da shi ko kayan haɗa shi. Asibitocin dabbobi na gwamnati suka zama gine-gine da ma'aikata amma babu magani a kanta, sai a rubuta wa mai dabba ya je ya sayo. Daga nan cinikin magani ya koma kasuwa. Wanda ya shiga kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi zai ga masu tebur kusa da kara sun baje kwalaben oksitetrasaiklin da ibamektin, da manyan ƙwayoyin tsutsar ciki da na ciwon hanta, da maganin sammore a 'yan fakiti, rana na dukansu. Mai saye yakan kwatanta ciwon da baki: ba ya cin abinci, gashinsa ya tashi, yana tari. Mai tebur ya zuƙo masa a sirinji gwargwadon kuɗinsa, ba gwargwadon nauyin san ba. Ba za a ga laifin manomin ba, domin kiran likita na nufin kuɗin man babur da na aiki da na magani, likitocin kuma sun fi yawa a birni, inda gonakin kaji suke. Sai dai rabin allura na kwantar da ciwo ne kawai, ta bar ƙwayar cuta ta saba da magani, ragowarsa kuma ya bi nono da nama zuwa cikin mutane.

Cutar da ta gaji bushiya wajen damun hukuma ita ce ciwon huhu, kuma allurarta ba ta da sauƙin kai irin ta Plowright. Kariyarta ba ta cika wuce shekara ba, dole a maimaita. Tana son sanyi tun daga Vom har bakin turke. Kwalba guda ta shanu da yawa ce, galibi ɗari, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa sai a ƙarar da ita cikin ɗan lokaci ko ta lalace. A nan manomin arewacin Kano ke faɗuwa. Mai garke na iya sayen kwalba shi kaɗai, amma babu malamin dabbobin da zai fasa kwalbar shanu ɗari saboda bijimai biyu. In gangami bai zo ƙauyensu ba, ko ya zo ranar da yake kasuwa, shi ke nan sai baɗi. Ga shi kuma shi ne ya fi kowa shiga hatsari, don daga kara yake sayo sa, inda shanun Nijar da na Jigawa da na Katsina ke cakuɗa numfashi. In bijimi ɗaya ya faɗi a farkon damina, garma ta tsaya, kuɗin huɗar da yake yi wa maƙwabta ya yanke, jarin ɗaruruwan dubban naira ya tafi a hannun mahauci da araha.

A 'yan shekarun nan allurar kyauta ta farfaɗo a Kano ta hanyar shirin bunƙasa noma da kiwo na KSADP, mai kuɗi dala miliyan 95, wanda Bankin Musulunci ya tallafa. Shirin ya riƙa yi wa shanu allurar ciwon huhu, tumaki da awaki kuma ta annobar PPR, a faɗin ƙananan hukumomi 44. Ɓullar ciwon saifa a Suleja a watan Yulin 2023 ta sake tuna wa gwamnatoci muhimmancin riga-kafi, a shekarar da cire tallafin mai da faɗuwar naira suka ƙara wa magani da sufuri tsada. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta, karo na farko.

Amma KSADP shiri ne mai wa'adi, kamar yadda JP15 ya kasance, kuma abin da ya faru a 1983 ya nuna inda ake kwana idan kuɗin waje ya ƙare. Abin da yankin ke buƙata ba mai wuya ba ne: kasafin allura na dindindin a jiha, firji mai aiki da hasken rana a kowane asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma, da ɗaukar matasan da suka karanci lafiyar dabbobi a makarantu irin su Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta, a zaunar da su a mazaɓu. Masu unguwanni da dagatai kuma su tsayar da rana guda kafin faɗuwar damina, a tara bijiman ƙauye a fili ɗaya, yadda kwalba guda za ta ishi kowa.