Curin laka a ƙarƙashin ƙafar dabba

Maƙalar wannan mako ta kai mu fadamun kudancin Amurka, wajen wani ƙaramin gini na laka da kan ba masu gidajen tarihi wahala.

Magininsa kirefish ne, amma ba wanda muke dakawa a miya ba. Namu ƙananan jatan lande ne aka busar. Na can mai manyan almakasai ne, kuma wasu nau'o'insa rami suke haƙawa har su tarar da ruwan ƙasa. Lakar da ya haƙo sai ya cura ta ƙwallo-ƙwallo, ya ɗauko zuwa bakin rami, galibi da dare, ya jera ɗaya bisa ɗaya kamar mai ɗora tubali, har ta zama 'yar hasumiya mai kafa a tsakiya. A jihar Luwiziyana akan ga fili guda ya cika da su bayan ruwan sama.

Mai zanen tsuntsaye John James Audubon, wanda babban littafinsa ya fito daki-daki tsakanin 1827 da 1838, ya lura da wannan gini. Da ya zana farin jinjimin Amurka, sai ya haɗa da kirefish da tudun lakarsa. Ya kuma bayyana cewa tsuntsun kan fasa saman tudun, ya zuba ɓaraguzan cikin rami, ya ja da baya ya jira. Mai gida na fitowa gyara sai ya cafke shi. Ashe idan aka cire lakar daga zanen, an cire labarin yadda tsuntsun ke cin abinci.

Masu cika fatar dabba don ta tsaya kamar mai rai sun daɗe ba su gane haka ba. Yawancinsu sukan cusa ciyawa ko tsumma, su ɗinke, su kafa dabbar a kan katako tsirara. A Ingila, Edward Booth ya gina gidan tsuntsayensa a Brighton a 1874, inda kowane akwatin gilashi ke kwaikwayon wurin da tsuntsun ke zama. Sai Carl Akeley, wanda a 1890 ya kammala akwatin ɓerayen ruwa a gidan tarihi na Milwoki, da ɗakinsu na ciyayi da abin da ke ƙarƙashin ruwa. A 1902 ya gama akwatuna huɗu na barewa a Shikago, kowanne da yanayinsa na shekara, da dubban ganyen kakin zuma da aka zuba a kan sifar ganyen gaske. Tun daga lokacin, ƙasar da dabba ke tsaye a kai ta shiga cikin hujjar da ake nuna wa mai kallo.

Nan curin laka ya zama matsala. Duk wanda ya taɓa ganin bangon ƙasa ya tsage ya san halin laka: tana bushewa ta tsuke, ta dare, ta yi gari. Masu son na asali sukan yanko tudun da gindinsa, su busar da shi a hankali a inuwa, su shayar da shi gam da aka sirka da ruwa har ya yi tauri. Akan kuma sa shi a firiza, domin ƙwarin da ke ɓoye cikin ƙasa su ne masu cin gashi da fatar da aka sha wahala a kai. Duk da haka launin jiƙaƙƙiyar laka ya tafi, sai an maido shi da fenti da ɗan man sheƙi.

Wasu kuma sun bi hanyar ganyen Akeley: a shafa roba a jikin tudun a ɗauki sifarsa, a zuba filasta ko resin, ko kuma a cura ƙwallayen da hannu a jera a kan waya. Wannan ba ya karyewa, ba ya ɗauke da ƙwaro, amma a nan kuskure ya fi saurin shiga. Hannun mutum yana son daidaito, sai ka ga tudu sumul kamar tulu, ko an kafa shi a kan yashin da kirefish ba zai iya gini da shi ba. Yaron da ya tsaya gaban gilashin ba shi da yadda zai gane, zai tafi gida da abin da ya gani.

A ganinmu, zubin da aka ɗauko daga tudun gaske ya fi duka biyun, domin ƙwallayen da ke jikinsa kirefish ne ya jera su, ko da kuwa filasta ce ta riƙe sifar.