Yadda 'yan wasan da ba su da albashi suka kafa ƙungiya a Ailan

Duk wanda ya tashi a Roni ya san yadda ake haɗa wasan ƙwallo tsakanin gari da gari. Samari su yi karo-karo a sayi ƙwallo, a ɗauki shatar mota zuwa Kazaure ko Gwiwa, a buga, a dawo bayan magariba da ƙura har cikin kunne. In an ci, gari ne ya ci. In wani ya karye, shi da iyayensa ne za su nemi mai ɗori. Shekarun baya wani yaron unguwarmu ya gurɗe a gwiwa ana tsaka da yi masa kirari a fili. Ya yi wata uku bai leƙa gona ba, kuma a cikinmu masu tafin babu wanda ya tambayi nawa aka kashe. Tun daga lokacin nake bibiyar labarin wata ƙungiya a ƙasar Ailan, domin su ma 'yan wasansu don gari suke yi, amma sun tsaya sun tambayi abin da mu ba mu tambaya ba.

Sai an fara sanin uwar gidan kafin a gane 'yar. Ranar 1 ga Nuwamba 1884 wasu mutane suka zauna a wani otal a garin Thurles, cikinsu har da malamin makaranta Michael Cusack da gwarzon wasannin motsa jiki Maurice Davin, suka kafa hukumar wasannin gargajiya da ake kira GAA. A lokacin Ailan tana hannun Birtaniya, wasannin Ingila suna cinye na gida. Manyan wasannin hukumar biyu ne: wata irin ƙwallo da ake bugawa da hannu da ƙafa, da kuma hurling, mai kama da ƙwallon gora, inda mutum goma sha biyar a kowane gefe ke dukan ƙaramar ƙwallo da sanda mai faɗin kai. Kowa yana yi wa ƙauyensu wasa, in ya yi fice ya wakilci lardinsu, ɗaya daga larduna 32. Ba a sayen ɗan wasa, ba a sayar da shi, ba a biyansa. Mutanen Ailan suna riƙe wannan doka kamar yadda ake riƙon gado, kuma akwai jini a cikinta: a filin Croke Park na birnin Dublin ne dakarun Birtaniya suka buɗe wuta ranar 21 ga Nuwamba 1920, mutum 14 suka rasu, har da ɗan wasa Michael Hogan.

Wannan filin yanzu yana ɗaukar mutum 82,300. A nan gizo ke saƙar. Zuwa ƙarshen ƙarni na ashirin kuɗin tikiti da na talabijin da na kamfanoni masu talla sun cika asusun hukumar, su kuwa waɗanda ake zuwa kallo malaman makaranta ne da manoma da 'yan sanda da ma'aikatan banki, masu tashi daga aiki su tuƙa mota mai nisa zuwa atisaye dare da dama a mako. Wanda ya ji rauni ya rasa kwanakin aiki, sau da yawa aljihunsa ne ke ji.

A 1999 aka ƙaddamar da ƙungiyar 'yan wasa, GPA, a birnin Belfast. Donal O'Neill, wanda ya taɓa aiki a kamfanin tallata wasanni na IMG, shi ne ya tara su, tare da fitattu irin su Peter Canavan da Fergal Logan na lardin Tyrone da Dessie Farrell na Dublin. Manyan GAA ba su yi maraba da ita ba. Suna ganin ƙofar albashi ce ake son buɗewa ta bayan gida, kuma in ta buɗe, larduna masu kuɗi za su kwashe gwanaye, a bar ƙananan ƙauyuka da fili babu kowa. Wannan tsoro ba na banza ba ne, kuma ina ganin duk mai ƙaunar wasan gari zai ji shi a ransa. Sai dai abin da samarin suka fi nanatawa ƙanana ne: kuɗin man mota, likita a bakin fili, abinci bayan atisaye, kayan wasa, da a daina kallonsu kamar yara. Farrell, wanda ya ci kofin ƙasa da Dublin a 1995, ya zama shugaban gudanarwa a 2003.

Abin da ya nuna cewa maganar ta wuce wasa ya faru ne a lardin Cork. A ƙarshen Nuwamba 2002 'yan hurling na lardin suka tara 'yan jarida suka ce ba za su ƙara taka fili ba sai an gyara yadda ake kula da su. Mai tsaron gidansu, Dónal Óg Cusack, yana sahun gaba. Mutane suka yi ta mamakin yadda wanda ba a biya zai shiga yajin aiki. To ai shi ne ma ya fi ƙarfi, tunda babu albashin da za a riƙe masa. Cikin makonni kaɗan hukumar lardin ta amince da yawancin buƙatun. A 2004 da 2005 Cork ta ɗauki kofin ƙasa a jere, 'yan wasan suka ce kun gani.

Shekarar 2007 ce ta fi zafi. GPA ta daɗe tana neman gwamnati ta ba 'yan wasan larduna tallafi kamar yadda take ba sauran 'yan wasan ƙasa, ana ta jefa maganar tsakanin gwamnati da GAA. A Nuwamba ƙungiyar ta kaɗa ƙuri'a, kimanin kashi 95 cikin ɗari suka zaɓi yaji. Kafin watan ya ƙare aka daidaita a kan Yuro miliyan 3.5, kuɗin gwamnati, ta yadda hukumar za ta iya cewa ita ba ta biya kowa ba. Wasu 'yan sa-kai, musamman a arewacin tsibirin, suka kafa tasu tafiyar suna adawa, suna cewa mai yanka ciyawar fili da mai wanke riguna ma kyauta suke yi, don me za a ware mutum talatin a lardi. Babban taron GAA na 2008 ya amince da shirin duk da haka. Ba a jima ba tattalin arzikin Ailan ya durƙushe, aka zaftare tallafin.

A daidai wannan tsakanin Cork ta sake rikicewa har sau biyu. Yajin farko, daga ƙarshen 2007 zuwa Fabrairu 2008, a kan wa ke da ikon zaɓen mataimakan koci ne, sai da aka kawo mai shiga tsakani, Kieran Mulvey, kuma kocin ƙwallon da aka naɗa, Teddy Holland, ya rasa kujerarsa. Na biyun shi ne wanda nake jin nauyinsa har yau. A Oktoba 2008 hukumar lardin ta sabunta wa'adin kocin hurling, Gerald McCarthy, 'yan wasan suka ce ba sa yi da shi. McCarthy ba baƙo ba ne. Kofin ƙasa biyar ya ci wa Cork yana ɗan wasa, shi ne kyaftin a 1966, wasu cikin masu ƙin nasa ba a haife su ba a lokacin. Ya kafe, ya tara sababbin yara ya shiga gasa da su, ana ta cin su. Dubban mutane suka yi zanga-zanga a titunan Cork suna goyon bayan masu yajin, gida ɗaya ya rabu biyu, uba na can ɗa na nan. A Maris 2009 ya yi murabus, ya ce an yi barazana ga rayuwarsa. 'Yan wasan sun samu abin da suke so, amma dattijon da ya ba garin ƙuruciyarsa ya fita ta hanyar da bai cancanta ba. Rikicin na lardi ne, ba GPA ce ta kira shi ba, sai dai da yake Dónal Óg Cusack jigo ne a cikinta, mutane da yawa sun ɗora mata laifin. Bayan 2005 har zuwa 2025 Cork ba ta sake ɗaukar kofin ƙasa na hurling ba.

Bayan wannan ne kowa ya gaji. A ƙarshen 2009 aka cimma yarjejeniya, babban taron 2010 ya karɓi GPA a matsayin wakiliyar 'yan wasan larduna, GAA ta fara ba ta kuɗi. Ƙungiyar ta juya ga tallafin karatu, neman aiki, da kula da masu fama da damuwa ko jarabar caca. A 2016 aka sa hannu kan sabuwar yarjejeniya ta kusan Yuro miliyan 6.2 a shekara, Farrell ya ajiye muƙaminsa a ƙarshen shekarar. Daga baya ya zama kocin Dublin, ya ci kofin ƙasa a 2020 da 2023.

Shiga gida ya zo da nasa zargin. Wasu suka ce wanda ke cin tuwon hukuma ba zai iya ɗaga mata murya ba. 'Yan wasan ƙauyuka, waɗanda su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, suka ga an manta da su, suka kafa tasu ƙungiyar a 2017 suna neman a tsara musu lokacin wasa. Da aka raba shekara tsakanin wasan lardi da na ƙauye, suka rushe ta a 2021. Mata kuma sun kafa tasu a 2015, suka haɗe da GPA a Disamba 2020, gwamnati ta daidaita tallafinsu da na maza a 2021. A 2023 sai da matan suka riƙa shiga fili da rigunan nuna ƙorafi, suna neman likita da wurin atisaye irin na 'yan uwansu. Shekara guda kafin nan, a 2022, maza sun daina hira da 'yan jarida bayan wasa na wani lokaci, kuma abin da ake jayayya a kai shi ne kuɗin man mota.